Eka Talatin da Ɗaya na Baba

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen kantin maganin naku. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwata ta hagu da har yanzu take ganin ita ce mai gidan. Innarki ta warke daga murar nan, muryarta ta dawo, ni ne shaida. An yi ruwa sau biyu, masara ta kai idon sawu.

Za ki ce me ya hana Baba kiran waya. Kin san dai ba a samun sabis sai a tudun bayan injin niƙa, kuma duk maganar da mutum ya yi a wurin, kafin ya sauko ta riga shi isa gida. Wannan kuwa ba maganar tudu ba ce. Shi ya sa na ba Direba takarda. Ki yi haƙuri da rubutun ɗan aji huɗu.

An liƙa sunayen waɗanda gwamnati ta biya tallafin noma a bangon ofishin gona. Kowa da sunansa, da girman gonarsa, da abin da aka tura masa banki. Na je da tabarauna ina neman kaina a ƙasa, inda irinmu suke zama. Ban gan ni ba. Sai Mai Inji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaga kai mana." Uwata, ni ne na biyu daga sama. Eka talatin da ɗaya. Gonar nan da kika sani, wadda in na yi tari a gabas ake yi mini sannu a yamma, eka biyu da ɗan kai.

Na yi dariya tare da mutane don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Sannan na nemi sunan Gwaggonki, babu. Na nemi na Kafinta, maƙwabcin gonarmu, babu. An sa su a wata takarda daban da jan biro, wai gonakinsu suna cikin gonar wani da aka riga aka yi wa rajista. Wanin nan ni ne.

Ga yadda aka yi, ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ranar da aka zo awo, Malamin Gona yana da gonaki da yawa, takalminsa kuma yana cinsa. Sai ya zauna a inuwa, ya riƙa miƙa wa kowa wata 'yar na'ura kamar waya. Ya ce ka danna kore, ka bi iyakar gonarka da ƙafa, in ka dawo inda ka fara ka danna ja. Na danna kore na kama hanya. Ban yi rabi ba na hango tumakin Gwaggonki sun tsinke sun nufi rafi. Na jefa na'urar a aljihu na bi su. Na koro su ta bayan gonarta, na zauna ta ba ni ruwa, muka taɓa hira. Da zan dawo, gwiwa ta ce ba za ta hau gangare ba, sai na zagayo ta ƙarshen gonar Kafinta. Na iso inda na fara, na danna ja. Ni a tunanina abin yana da hankali, zai bambanta gona da aike. Ashe duk inda ƙafata ta taka, shi rubutawa yake yi.

Sai aka kawo takarda. Kowa yana dangwala yatsa, ni kuwa na ce a ba ni biro, ai ni na shiga aji. Na zana sa hannu mai wutsiya har Malamin Gona ya yaba. Ban karanta ba. Shekaranjiya na koma na karanta irinta a bango da yatsa a kan kowane layi. Ta ce duk wanda ya ba da bayanin ƙarya don karɓar tallafi za a gurfanar da shi, kuma akwai ɗauri. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ga shi a wuyan ubanki.

Kuɗin sun shigo, waya ta nuna mini. Na ƙirga sifilin sau uku, na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin katifa kamar za ta cije ni. Tun ranar ban ƙara cin abincin kirki ba. Shekaruna sittin da ɗaya ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, ko don neman inuwa.

Kin taɓa ce mini mijin abokiyar aikinki magatakarda ne a kotu. Ki tambaye shi a fakaice, ki ce wani tsoho ne, ba lallai ki ce wawan naki ne ba. Me zan yi? Ki ba Direba amsa.

Innarki tana gaishe ki. Ta san rabin maganar, rabin mai sauƙi.

Ubanki, babban manomi na biyu daga sama.

Laraba, 12 ga wata

Uwata,

Ina fatan lafiya ce ta riƙe ki ba akasinta ba. Mu muna nan. Gwiwa ta yi sauƙi, ina jin ta ga an sami wanda ya fi ta tayar da hankali.

Yau kwana tara ban ji daga gare ki ba. Direba ma ban sa shi a idona ba tun ranar da na ba shi takardar. Kullum da la'asar ina bakin hanya kamar mai jiran gawa. Na fara tunanin ko kin karanta kin ji kunya, ko takardar ta faɗa hannun da bai kamata ba.

Gari ya canza mini. Wanda bai taɓa gaishe ni ba yanzu har da rusunawa, wanda muka saba da shi kuma ya daina. Na je wajen Gwaggonki, ta amsa sallamata tana kallon tsintsiya. Ta ce, "Yaya, da ka ce kana son gonar ai da na ba ka a hannu, ba sai ka haɗa ni da gwamnati ba." Uwata, ni na goya matar nan. Na juya na fito. Kafinta kuwa ba ya magana. In na wuce shagonsa sai ya ƙara ƙarfin guduma.

Ranar Lahadi wani ya zo a babur da hular kwano, bai cire ba. Ya tsaya wajen Mai Inji yana tambayar gidan mai eka talatin. Da aka nuno masa, na faɗa ɗakin ajiya na kwanta bayan buhuna. Innarki ta ce masa na yi tafiya. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya tafi. Ban san ko na gwamnati ne ko na daji ba, kuma ban san wanne zan fi so ba. Sunana da adadin kuɗin suna bango, duk mai ido ya gani, har da wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Na fito da ƙaiƙayi a gemu, Innarki ta ce in haka ake zama mai kuɗi, ita ta yafe.

To, da na ga shiru, sai na yi amfani da kaina. Na ce tunda kuɗin nan ne wutar, bari in raba ta da jikina. Jiya na je banki na cire su duka. Yarinyar da ke bayan gilashi ta dube ni ta dubi rigata, ta kira wani ya zo shi ma ya duba. Na dawo na zauna da biro na kasa su kashi-kashi. Na ware na eka biyuna. Na kai wa Gwaggonki na gonarta, na kai wa Kafinta nasa. Ragowar na rafi ne da hanya da kurmin da ba na kowa ba, tunda su ma na zagaye su. Su na ɗinke a cikin matashin kai har in ji wanda zan ba.

Kafinta ya ajiye guduma ya ce, "Ashe dai kai mutum ne." Gwaggonki ta karɓa, ta turo mini kujera.

Ina jin wannan karon na yi tunani irin na 'yan aji shida. In masu bincike sun zo, sai in ce ga shi, kowa ya sami haƙƙinsa. Ko ba haka ba? Ki ce mini haka ne. Na ba wani mai motar kaya wannan, ya ce ya san layinku.

Ubanki.

Alhamis, 6 ga wata

Baba,

Barka da war haka. Ina lafiya, aiki da godiya. Wasiƙarka ta Litinin ta same ni jiya, na karanta a bayan kanta, sai da mai kantin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. A gaishe da Inna. Ka riƙa shafa maganin gwiwar safe da yamma, ba sai ta yi ihu ba.

Na sami mijin abokiyar aikina. Ban ce wani tsoho ba, na ce mahaifina ne, don ba na jin kunyarka. Ga abin da ya ce, ka karanta sau biyu.

Kada ka taɓa kuɗin. Ko sisi. Kada ka cire, kada ka ba kowa, ko Gwaggo ce. Ya ce muddin kuɗin suna zaune a banki yadda aka turo su, kuma kai ka fara zuwa ka faɗa, to kuskure ne, gyara za a yi. Amma in suka motsa, magana ta canza, don ba wanda zai yarda ba ka sani ba.

Ka rubuta takarda ga shugaban ofishin gona, ka faɗi duk abin da ka faɗa mini, har da tumakin. Ban da wasa, Baba, don Allah. Ka yi guda biyu, su buga hatimi a kan ɗaya ka dawo da ita gida. Gobe-goben nan ka je.

Gwaggo za ta yi fushi, ka bar ta. In an gyara, nata zai zo da sunanta.

Na ba Direba hannu da hannu, ya ce gobe yana gida. Ka ci abinci.

'Yarka.

Asabar, 15 ga wata

Uwata,

Lafiya dai ta jiki, da sauƙi. Ta zuciya kuwa ki karanta ki gani.

Wasiƙarki ta ranar shida ta iso jiya da sassafe. Motar Direba ce ta lalace a hanya, ta yi mako guda a garejin makaniki, takardar tana cikin aljihun gaban mota tare da sifana da sauran kayan gyara. Ya miƙo mini ita da tabon baƙin mai yana ba ni haƙuri. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce. A karo na biyu sai da na zauna a ƙasa, a bakin hanya, mutane suna wucewa. Ashe na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Mai babur ɗin nan ma ya dawo. Ɗan aiken ofishin gona ne, takarda ya kawo tun ranar Lahadi, ni kuwa ina bayan buhuna. Takardar ta ce in zo cikin kwana uku in yi bayani. Kwana ukun sun wuce ina ɓuya. Yanzu ya kawo ta biyu: masu bincike za su zo daga sama ranar Talata, in kasance a gona da ƙarfe tara. Ya ce an rubuta a fayil cewa an neme ni an rasa, kuma banki ya sanar da su an kwashe kuɗin rana ɗaya. Ki duba yadda abin ya jeru. Ni kaina in ni ne alƙali, da na ɗaure ni.

Na koma karɓo abin da na raba. Gwaggonki ta shiga ɗaki ta fito da nata a ƙulle yadda na kai, ko zaren ba ta kwance ba. Ta ce, "Dama na san abin da ya fito daga hannunka sai an sake zama." Sai kuma ta fashe da kuka ta riƙe mini riga. Gara fushinta, wallahi.

Kafinta ne matsalar. Ranar da na ba shi, ranar ya sayo taki, washegari ya zuba, daren aka yi ruwa. Ya kai ni gonar ya nuna mini. Ya ce, "Ga kuɗin gwamnati nan, in za ka iya tsince su bismilla." Ba rashin mutunci ya yi ba. Ya ce haƙƙinsa ne, don taki aka bayar, taki ya saya, kuma ba shi ya bi tumaki da na'ura a aljihu ba. Gonarsa ta fi tawa sau huɗu, gibin ba ƙarami ba ne.

Na mayar da na Gwaggonki da na matashin kai da nawa banki. Na rubuta takardar da kika ce, ban sa wasa ko ɗaya ba, sai da na ga kamar wani ne ya rubuta. Na kai, akawun ya ce tunda magana ta je sama ba zai buga hatimi ba. Malamin Gona kuwa in ya hango ni sai ya tuna yana da aiki a wani ƙauye. Shi ma tsoron kansa yake ji, don ba a ce ya ba manomi na'ura ya zauna a inuwa ba.

Innarki yanzu ta san duka. Ba ta yi faɗa ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro a cikin komai.

Na shirya 'yar jakata, riga biyu da bargo da maganin gwiwa. In ba ki ji daga gare ni ba bayan Talata, ki kula da Innarki, kada ki bar aikinki ki taho.

Ubanki, ɗan aji huɗu da aka mayar aji ɗaya.

Lahadi, 16 ga wata

Baba,

Ina gaisuwa. Wasiƙunka biyu suna gabana, ta sha biyu da ta jiya.

Wace jaka ka shirya? Ina za ka? Baba, na roƙe ka da girman Allah kada ka gudu. Na kira wayarka ya fi sau ashirin, a kashe. Na kira Mai Inji ya ce bai gan ka ba tun jiya da rana. In ka bar gari kafin Talata, shi ke nan ka sa hannu a kan laifin da ba ka yi ba, kuma wannan karon ba mai gyarawa. Ina za ka je da gwiwar nan? Wa ka sani?

Ka tsaya a gonarka ƙarfe tara. Ka riƙe takardar banki ta abin da ka mayar. Ka tafi da Gwaggo da Kafinta su faɗa da bakinsu. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya a gajarce, kada ka kare Malamin Gona, kada kuma ka ɗora masa.

Na roƙi mai kantin ya bar ni in zo, ya ce abokiyar aikina tana jego, in na tafi kada in dawo. Na karɓi albashin watan gobe, yana cikin ambulan ɗin nan. Na san bai kai ko rabin gibin ba. Zan nemo saura, ka ba ni lokaci. Kada ka taɓa shanun huɗa. In suka tafi, da me za ka yi noma?

Na biya wani direba daban ya kawo wannan har ƙofar gida. Ka hau tudu ka kira ni, ko duk gari zai ji.

'Yarka.

Asabar, 22 ga wata

Uwata,

Ina rubuto miki daga ƙofar ɗakina, ba daga wani wuri ba. Ki fara ajiye numfashi. Innarki lafiya, Gwaggonki lafiya.

Gudu kuma? Jakar ta gidan yari ce, don an ce ba sa ba da bargo. Ni da ko tumaki sai da suka tsaya don kansu na kamo su. Ban kira ba don na san in na ji muryarki a tudun nan zan yi abin da dattijo ba ya yi a gaban injin niƙa.

Masu binciken sun zo ranar Talata su uku, da ɗan sanda ɗaya da ya tsaya jikin mota. Ban iya daina kallon ankwar da ke ƙugunsa ba. Shugabarsu mace ce, ba za ta girme ki da yawa ba. Na ce mata sannu da zuwa babbar gona. Ko gezau. Daga nan na rufe bakina.

Ta ba ni na'ura ta ce in bi iyakata ta gaskiya. Na bi. Eka biyu da kwata. Sai ta ce yanzu in bi hanyar da na bi ranar awo. Na bi, ita tana bayana da allon kwamfuta, rabin gari suna bayanta. Na nuna inda tumaki suka tsinke, inda na zame a bakin rafi, inda na zauna. Tana duba allo tana duba ƙasa har muka dawo.

Sannan ta juyo mini da allon. Uwata, ashe abin ya zana tafiyata duka. Layi ne kamar tafiyar maye, ya yi nan ya yi can, ya shiga ruwa ya fito. A wuri ɗaya kuma ya tsaya cak. Ta ce, "Baba, me ka yi a nan minti arba'in da bakwai?" Gwaggonki ta ce, "Surutu, ranki ya daɗe. Tun yana yaro." Matar ta ce ta binciki masu satar tallafi da yawa, layinsu miƙaƙƙe ne kamar an ja da zare, ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya hira a tsakiyar sata ba. Ta ce za ta rubuta kuskure ne. Ta kira Malamin Gona gefe, ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ga yana goge wuya.

Har na fara jin iska, sai ta ce amma kuɗi ba ruwansu da kuskure. Su cika a banki kafin a tashi ranar Juma'a. In ko sisi ya yi ƙasa, fayil ɗin zai bar hannunta ya koma hannun wancan na jikin mota. Kuma an cire sunana daga tallafi damina uku. Gwaggonki da Kafinta za a sake yi musu awo, nasu zai zo a zagaye na gaba, ba ta san yaushe ba.

Na haɗa albashinki. Kafinta ya kawo abin da ya samu, ya sayar da katakon da ya ajiye, ya ce in nasa ya zo zai cika mini. Na yarda da shi. Amma Juma'a ba ta jiran zagaye na gaba.

Kin ce kada in taɓa shanun. Wannan karon wasiƙarki ta iso a kan lokaci, na karanta, na gane, kuma na saɓa. Ranar Alhamis na kora su kasuwa da kaina. Dillalai sun ga idona, sun san ina da ranar da nake gudu, suka saya yadda suka ga dama. Jan ya hau mota ba gardama. Baƙin ya toge, sai da na hau na kira shi sannan ya biyo ni, ni kuma na sauko ta gefe.

Na biya jiya ƙarfe biyu saura. Sun buga hatimi har biyu. Rasit ɗin yana cikin ambulan ɗin nan, ki ajiye a wurinki, don ni da takarda kin ga yadda muke ƙarewa. Albashinki kuma bashi ne a kaina, kada ki ce komai.

Masara ta kai gwiwa, tana son huɗa, zan yi da hannu a hankali. Ba a ɗaure ubanki ba, Uwata, ki yi barci. Yau da safe na tashi na jiƙa dusa kamar kullum, na ɗauka har turke, na manta babu mai ci. Innarki tana kallona daga ƙofa, ba ta kira ni ba, ta bari sai da na isa.

Ubanki.